Wasa Kibiya Mai Kaifi Gefe Ɗaya da Ɗaura Mata Gashin da Ya Dace

Kibiyar da iyayenmu maharba suka sani a ƙasar Damagaram ba ta da gashi. Kyauro ne mara nauyi, da ɗan ƙarfe mai kunne a kansa an naɗe da jijiya, sai dafin kwankwani da ake shafawa a wuyan ƙarfen. Aikin ƙarfen bai wuce ya huda fata ya kai dafi cikin jini ba, saura kuma na dafi ne. Wanda ya ajiye dafi kuwa, ko don tsoron abin da zai shiga tukunyar iyalinsa, ko don shakkar naman da ba a san kaifi ne ya kashe shi ko guba ba, to ya ɗora wa ƙarfen kayan duka. Dole ƙarfen ya yanka, ya shiga da nisa, in ya ci karo da ƙashi ya wuce. In ba haka ba, dabba za ta tafi da rauni ta mutu a inda ba mai amfana da ita, alhakin kuma yana wuyan wanda ya saki tsarkiya. Hadisin da ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbarsa, bai bar maharbi a waje ba.

Kibiya mai kaifi gefe ɗaya ita ce na fi amincewa da ita a wannan aiki. Sai dai tana da sharaɗi biyu da ba ta yafewa: washinta daban ne da na wuƙa, kuma gashin da ke gindinta dole ya juya ta zuwa ɓangaren da ƙarfen kansa yake son juyawa.

Yadda ƙarfen yake, da dalilin juyawarsa

Wuƙar kicin ana cin ta ne ta fuska biyu har su haɗu a tsakiya. Wannan ƙarfe kuwa kamar bakin almakashin tela yake: fuska ɗaya an gangare ta, ɗayar a shafe take. Kan kibiya yana da baki biyu, kuma gangarensu ba a fuska ɗaya suke ba. In ka kwantar da shi a tafin hannu, gangaren baki ɗaya yana kallon sama, na ɗayan yana kallon ƙasa. Saboda haka idan ya shiga nama, naman yana danna baki ɗaya ƙasa, yana tura ɗayan sama, sai ƙarfen ya riƙa murɗawa yana tafiya. A nama raunin yakan fito a lanƙwashe, ya fi faɗin ƙarfen. A ƙashi kuwa murɗawar ce ke tsaga shi, sandar ta samu hanyar bi, maimakon ƙarfen ya cije ya tsaya.

Wanda ya fi kowa bin diddigin wannan shi ne Dakta Ed Ashby, likitan ido ɗan Amurka, da ya fara gwaje-gwajensa a Natal ta Afirka ta Kudu cikin shekarun 1980, daga baya ya ci gaba a kan ɓauna a Ostareliya. Abin da ya fito da shi a taƙaice: ƙarfe mai baki biyu, tsawonsa ya ninka faɗinsa sau uku, gangare na digiri 25, nauyin kibiya ya rinjaya gaba, kuma in ana son fasa babban ƙashi kibiya gaba ɗayanta ta kai kimanin giram 42. Mu nan ba ɓauna muke bi ba, ba sai ka kai wannan nauyi a kan ƙaramar dabba ba, amma siffar ƙarfen da kusurwar sun yi mana daidai.

Kafin ka taɓa magagari, ka san ƙarfenka na dama ne ko na hagu. Kwantar da shi, tsinin yana kallon gaba, nesa da kai. In bakin da kake ganin gangarensa na hannun dama ne, ƙarfen dama ne, kuma zai juya yadda hannun agogo ke tafiya idan kana kallo daga gindin kibiya. In na hagu ne kake gani, juyinsa akasin haka ne. Ko ka kifa shi, amsar ba ta canzawa. Mai son tabbatarwa ya ɗora shi a guntun sanda ya tura cikin kabewa a hankali, ya saki hannu kaɗan, zai ji sandar tana murɗawa tsakanin yatsunsa.

Wajen maƙeri

Irin waɗannan kawuna ana sayar da su a ƙasashen waje, kamar samfurin da ake kira Grizzly, amma ba lallai sai an yi odarsu ba. Zinder, garin da maƙeransa suka zuba wa Sarkin Damagaram Tanimun igwa, ba za a gaza ƙera kan kibiya a cikinsa ba. Abin da ake bukata shi ne ka je da bayani a fili, don maƙeri zai yi maka abin da hannunsa ya saba, wato tsini mai kunne ko bakin wuƙa mai fuska biyu, in ba ka tsaya a kansa ba. Yanka siffar a kwali ka kai masa: tsawo santimita 7 da rabi, faɗi a gindi santimita 2 da rabi, bakunan a miƙe ba ciki ba doro, kauri tsakanin milimita 1 da rabi zuwa 2, da wutsiya mai tsawo da za ta shiga sanda. In guda shida za ka sa ya yi, ka ce masa, “Baba, kada a ci shi fuska biyu, ɗaya kawai, kuma duk guda shidan su kalli ɓangare ɗaya.” Wannan na ƙarshe ka maimaita shi, don ƙarfen dama uku da na hagu uku a kwari ɗaya rikici ne.

Rodin gini ba abin dogaro ba ne wajen ɗaukar kaifi. A nemi ƙarfen sifirin mota ko tsohon zarto, ana samunsu wajen masu tsofaffin ƙarafa a kasuwar Dole. Bayan an ƙera a ƙona shi ya yi ja a tsoma a mai, sannan a goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali har launinsa ya koma ruwan tattaka. Wanda aka tsoma aka bari haka nan yana da tauri amma zai karye a ƙashi. Wanda aka bari ya wuce zuwa shuɗi mai haske kuma ya yi laushi, bakinsa zai naɗe. Gwajin mai sauƙi ne: sabon magagari ya ci shi, amma da ƙyar. In magagari yana zamewa kamar a kan gilashi, ya yi tauri da yawa. In yana cin sa kamar ƙusa, a mayar da shi wuta.

Washi

Kayan aiki ba su da yawa: magagari mai laushin haƙori, gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, sanfefa irin ta masu fentin mota wadda ake jiƙawa, lamba 220, 400, 600, 1000 da 2000 in an samu, guntun fata da aka manna a katako, da alƙalamin maka. Dutsen washi yana yi, in dai a shafe yake. Dutsen da ya daɗe yana cin wuƙaƙe har tsakiyarsa ta yi kwari ba zai yi wannan aiki ba, don zai lanƙwasa maka gangaren. Injin washi na lantarki kuwa ka nisance shi in ba ka ƙware ba; daƙiƙa kaɗan bakin ya yi shuɗi, wahalar maƙeri ta tafi a banza.

Ɗora ƙarfen a guntun sanda ya zama maka mariƙi. Kada ka riƙe shi da yatsu tsirara, baki biyu gare shi, kana wasa ɗaya ɗayan yana jiran babban yatsanka.

Fara da baya, wato fuskar da take a shafe. Nan ne mutane suka fi yin gaggawa, kuma nan ne kaifin yake samuwa ko ya ɓace, don kaifi ba komai ba ne illa inda fuska biyu suka haɗu. In ɗaya tana sheƙi ɗayar tana da ramukan guduma, bakin zai fito da giɓi. Jiƙa sanfefa 220 ka shimfiɗa a gilashi, ka kwantar da bayan bakin a kai, ka bar tudun tsakiya ko wutsiya a wajen gilashin don kada su ɗaga shi. Goga da matsi daidai har ka ga farin layi ya bi bakin daga gindi zuwa tsini ba yankewa. Ba sai duk fuskar ta yi fari ba, milimita biyu ko uku na kusa da baki sun isa. Bi da 400, 600, har 1000. Kifa ƙarfen ka yi wa bayan ɗaya bakin haka. Wannan aiki sau ɗaya ake yin sa a rayuwar ƙarfe, don haka kada ka ji ƙyashin lokacin.

Sai gangare. Digiri 25 ba ya bukatar na'ura. In kaurin ƙarfen milimita 2 ne, ja layi milimita 4 da 'yan kai daga baki; in 1 da rabi ne, milimita 3 da 'yan kai. Gangaren da ya tashi daga wannan layi ya sauka a bakin baya, shi ne digiri 25. Wanda yake son abin dogaro ya sa kafinta ya yanka masa katako mai kusurwa uku, gindinsa santimita 10, tsayinsa 4.7, ya riƙa jingina ƙarfen a kai yana duba hannunsa. Ko ka ninka kusurwar takarda sau biyu, ka samu digiri 22 da rabi, ka ɗaga kaɗan.

Shafe gangaren duka da tawadar alƙalamin maka. Kwantar da ƙarfen a bakin benci, ka tura magagari gaba kawai, ka ɗaga shi in za ka dawo, kana bi daga gindi zuwa tsini. Bayan tura uku ko huɗu tsaya ka duba tawadar. In ta goge a bakin kaifi kawai, ka ɗaga hannu da yawa. In ta goge can sama wajen layin, bakin yana nan baƙi, ka kwantar da yawa ko kuwa akwai sauran ƙarfe da za a ci. Abin da kake nema shi ne ta goge ko'ina lokaci ɗaya. Sake shafawa, ci gaba.

Za ka san ka iso ne idan ɗan leɓen ƙarfe ya naɗo ta baya. Shafa yatsa a bayan, daga tsakiyar ƙarfe zuwa waje ka wuce baki, ba tare da tsawon bakin ba. Za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Dole ka ji shi tun daga gindi har tsini. Inda babu leɓe, fuskokin biyu ba su haɗu ba tukuna, kuma duk gogar da za ka yi nan gaba ba za ta haifar da kaifi a wurin ba. Wurare biyu ne suka fi ɓuya: santimita ɗaya na kusa da tsini, da kusurwar gindi. Kada ka bar magagari sai sun ba da leɓe.

Daga nan koma gilashi. Kwantar da gangaren a kan 400, ka karkata ƙarfen har ka ji ya zauna daram. Gangare mai faɗin milimita huɗu yana gaya wa hannu inda yake, wannan na cikin daɗin wannan ƙarfe. Kulle wuyan hannu, motsi ya fito daga kafaɗa. Kada ka bar lamba sai zanen wadda ta gabace ta ya ɓace. In ka ɗan sauya karkatar gogar a kowace lamba, za ka ga tsohon zane a fili in ya saura. Matsi yana raguwa yadda lamba ke hawa, a 1000 da 2000 nauyin ƙarfen da ɗan yatsa ya isa.

Yanzu cire leɓen, kuma a nan nake roƙonka ka yi haƙuri da hannunka. Kwantar da bayan a shafe a kan lamba mafi laushi, ka ja sau ɗaya ko biyu, a hankali. Kada ka ɗaga shi ko kaɗan. Zuciya za ta ce maka ɗaga ɗan kaɗan leɓen ya fita da sauri, kuma zai fita, amma ka yi wa bayan nasa gangaren ke nan, ƙarfen ya fara komawa mai fuska biyu, juyinsa ya ragu, washi na gaba kuma ya ƙara wuya. In leɓen ya koma ta gefen gangare, ja gangaren sau ɗaya, ka koma baya sau ɗaya, haka har ya gaji ya faɗi. Wani lokaci za ka gan shi a kan sanfefa, siriri kamar gashi.

Ƙarshe fata. Majemar Zinder ba ta rasa guntaye, ko wajen dukawa. Ja ƙarfen baya-baya, bakin yana bin sawu, yadda wanzami ke yi wa aska, kada ka tura shi cikin fatar. Gangare sau goma, baya a shafe sau biyu ko uku. Fata mai laushi da matsi mai yawa suna dunƙule baki, shi ya sa ake manna ta a katako. In ba fata, kwali ma yana yi.

Tsinin kansa kada ka bar shi siriri kamar allura, zai naɗe a ƙashi, kuma tsinin da ya naɗe yana karkatar da kibiya gaba ɗaya. Da magagari ka ɗan datse milimita biyu ko uku na ƙarshe ta kowane gefe, ya zama gajeren tsini mai kauri, sannan ka wasa waɗannan ƙananan bakunan su ma, kowanne ta fuskar da gangarensa yake.

Gwaji uku nake yi. Na farko, riƙe bakin yana kallon rana: kaifi na gaskiya ba ya mayar da haske, duk inda ka ga ɗigon ƙyalli wurin a dakushe yake. Na biyu, ya aske gashin hannu ba tare da dannawa ba, a gindi, a tsakiya, da kusa da tsini. Na uku shi ne na fi yarda da shi: ɗaure siririyar roba irin ta ɗaurin kuɗi tsakanin ƙusa biyu, ba da ƙarfi sosai ba, ka tura ƙarfen ya goge ta. Jijiyar jini tana da santsi tana kuma gocewa. Bakin da ya ture robar gefe bai yanke ta ba, haka zai yi wa jijiya.

Gashi

Ƙarfe mai faɗi a gaban sanda yana kama iska, yana neman ya ja ragamar kibiyar. Tsohuwar kibiyarmu ta tsira daga wannan ne don kanta ƙarami ne kuma daga kusa ake harbi. Wannan kuwa sai da gashi a gindi, wanda zai rinjayi ƙarfen ya kuma sa kibiyar juyawa.

Gashin fiffike ba a miƙe yake ba. Yana da lanƙwasa, yana da fuska mai santsi da sheƙi, wadda ke sama a jikin tsuntsu, da ta ƙasa mai kaushi wadda ta fi kama iska. Shi ya sa gashin fiffiken dama yake juya kibiya dama, na hagu yake juya ta hagu, ko da an manna su a miƙe. Ƙa'idar ke nan: ƙarfen dama da gashin fiffiken dama, ƙarfen hagu da na hagu. In ka haɗa su a saɓe, kibiya za ta zo tana juyi ɓangare ɗaya, ta taɓa fata, sai ƙarfen ya tsayar da juyin ya fara nasa ta ɗaya ɓangaren. Ƙarfin da aka kashe a wannan kokawa daga zurfin shiga aka cire shi, a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Ana cewa mai harbi da hannun dama sai gashin dama, bahago sai na hagu. Ba haka ba ne, kibiya ba ta fara juyi sai ta bar baka. Abin da ke zaɓa maka gashi shi ne ƙarfenka. In kana amfani da kawunan waje masu ɗauri irin na noti, dama ta fi, don juyin dama yana ƙara ɗaure su, na hagu yana kwance su.

Gashin talotalo shi ne gaba, manyan na bakin fiffike. Na agwagwa babba yana yi kuma yana jure ruwa. Na zabo gajere ne mai laushi, bai isa riƙe ƙarfe mai faɗi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka je wajen masu fige kaji ka karɓi fikafikan a haɗe, ka raba su leda biyu tun a can, dama daban hagu daban, dama da hagun tsuntsun kansa. In sun riga sun cakuɗe, ga yadda za ka gane. Tsaga gashin ta tsakiyar karansa ka ɗauki ɓangare mai faɗi. Ɗora shi a saman sanda yadda zai zauna, gindin gashin wajen tsini, ka leƙa daga gindin kibiya. In fuska mai kaushi tana hagu, mai sheƙi tana dama, fiffiken dama ne. Kada ka taɓa haɗa dama da hagu a kibiya ɗaya.

Karan gashin da ka tsaga yana da kauri da farin ɓargo a ciki. Matse gashin tsakanin katako biyu siriri, karan kawai a waje, ka goga a sanfefa har ya yi siriri ya shafe. Yanka tsawo santimita 10 zuwa 13, tsayi kamar santimita 1 da rabi a inda ya fi tudu. Yi samfuri na kwali don ukun su fito iri ɗaya. Ga ƙarfe mai faɗin santimita 2 da rabi, ni 12 nake so. Gashi ya ɗan yi yawa ya fi ya gaza, abin da za ka rasa ɗan gudu ne, kuma harbinmu ba na nesa ba ne.

Don raba wuri uku daidai, naɗa siririyar takarda a sanda, yanke inda ta haɗu, ninka ta uku, mayar ka sa alama. Gashi ɗaya ya tsaya a gicciye da tsagar gindi inda tsarkiya ke shiga, shi ne zai kalli waje, nesa da baka. Bar santimita 2 da rabi zuwa 3 tsakanin tsagar da ƙarshen gashi don yatsu su samu wuri. Sannan karkatarwa: ga gashin dama, kana kallo daga gindi, gaban gashin ya gusa dama da milimita 2 ko 3 a kan bayansa. Ga na hagu, ya gusa hagu. Gashin da kansa yana son kwanciya ta wannan ɓangare, in ka ji yana gardama karan yana tashi daga sanda, duba, wataƙila ka juya shi ba daidai ba. Shafa gam siriri, riƙe da allura ko zare har ya kama, ɗaya bayan ɗaya.

Bakanmu ba shi da mazaunin kibiya, a kan hannu take wucewa. Gaban karan gashi in ya ɗago yana iya shiga fatar hannu ya karye a ciki. Saboda haka fere gaban ya kwanta, ka naɗe shi da zare mai ƙarfi ko jijiya kamar santimita ɗaya, ka shafe da gam. Shafa yatsa daga gaba zuwa baya, in ka ji wani abu ya kama, ƙara naɗi. Zafin Afrilu da Mayu yana sakin gam, don haka naɗa bayan gashin ma.

Haɗawa da gwaji

Kyauro siriri ba zai ɗauki wannan ƙarfe ba, zai tsage a wuya. Nemi gora mai kauri kamar milimita 8 ko 9, ko itace mai miƙaƙƙen jiki, ka gasa ka miƙe. Wutsiyar ƙarfe ta shiga da gam mai haɗi biyu, a naɗe wuyan santimita uku da jijiya ko zare. Kafin gam ya bushe, tsayar da kibiyar a kan tsininta bisa katako ka murza ta. In wuyan yana rawa, ƙarfen a karkace yake, gyara yanzu. Ƙarfen da ya zauna a karkace ba gashin da zai miƙar da shi.

Auna rinjayen gaba. Ɗora kibiyar a yatsa ka sa alama inda ta daidaita. Auna daga tsagar gindi zuwa alamar, cire rabin tsawon sandar, raba abin da ya saura da tsawon, ninka da 100. Sanda mai santimita 72 da ta daidaita a 50: cire 36, saura 14, ya ba da kashi 19 da 'yan kai. Daga 19 zuwa sama ne Ashby ya ga shiga tana ƙaruwa sosai. Sai dai nauyi a gaba yana sa sanda ta ƙara lanƙwasa lokacin saki. Ga mai jan tsarkiya da dama, kibiya a hagun baka, in gindin yana kaɗawa hagu a iska sandar ta yi laushi: rage tsawonta kaɗan ko ka nemi mai kauri. In dama yake kaɗawa, ta yi tauri.

Ware ƙarfe ɗaya na koyo, nauyinsa ɗaya da sauran, ka harba a tsohon soson katifa da aka ninka, daga taku goma, sha biyar, ashirin, da bango a baya kuma ba yara a kusa. Gashi ɗaya ya zama fari ko ka rina shi, ka sa wani ya tsaya bayanka ya ga ko gindin yana tafiya a miƙe. Idan za ka zare kibiyar daga soso, ja a hankali ka bar ta ta juya da kanta, za ka ga hanyar da ƙarfen ya murɗa. Mai son ganin aikin a ƙashi ya karɓi ɗanyen allon kafaɗar akuya ko na sa wajen mahauta, ya rataya gaban soson. Bayan harbi duba abu biyu: tsagar ƙashin, da bakin ƙarfen. In bakin ya naɗe, ƙarfen ya yi laushi ko gangaren ya yi siriri, ɗaga shi zuwa digiri 30. In ya ɓantare, ya yi tauri, a koma wajen maƙeri. Nisan da kake iya zuba kibau biyar a faɗin tafin hannu, shi ne iyakar nisan harbinka a daji.

Kafin ka fita, ka bi ta ofishin jami'an gandun daji. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, akwai takardar izini, akwai lokacin buɗewa da rufewa, akwai dabbobin da ba a taɓawa sam. Gandun Termit da Tin Tumma da aka kafa a 2012 ba wurin baka ba ne. Barewar da ta saura can ta riga ta yi ƙaranci.

Ƙarfen sifiri yana tsatsa da wuri, kuma tsatsa bakin kaifi take fara ci. Shafa masa basilin ko man kaɗe siriri, musamman da damina. A kwari kada ƙarafa su riƙa gogar juna: yi wa kowanne ɗan kube na fata, ko ka cusa soso a gindin kwarin kowane tsini ya samu raminsa. Ƙurar hunturu tana manne wa mai, don haka goge ka sake shafawa duk mako. Kibiyar da ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya, ko da ba ta samu komai ba, ta koma gilashi daga lamba 600, a bi da fata, a sake gwada ta da roba kafin ta koma cikin na harbi.